Takardar da Ta Ƙare a Gaisuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da takardar neman aiki da na rubuta shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Zamanin Turawa ne. Na gama elementare ina zaune a Rogo, sai labari ya zo ana neman malamin kasuwa a Karaye. Gonarmu ta Jajaye ta fi ƙarfina ni kaɗai, Baba kuwa ya sa ransa a kan aikin nan fiye da ni.

Bai san boko ba, amma ya ce ya san manya. Yana kwance yana faɗa, ina rubutawa.

"Ba a tarar babba da buƙata," in ji shi. "Gaishe shi tukuna."

Na gai da hakimi, da iyalinsa, da fadawansa. Na tambayi ruwan bana da lafiyar shanu. (Har mahaifiyarsa na gaisar, ashe ta daɗe da rasuwa.) Falle ɗaya gare ni, ya cika gaba da baya, da ƙyar sunana ya samu wuri.

"Baba, maganar aikin fa?"

Ya yi tari, ya ce, "Babba zai gane."

A Karaye aka zaunar da mu masu nema a zaure, magatakarda yana karanta takardun a fili. Na sauran gajeru ne: ga sunana, ga ajin da na kai, na iya lissafi, a taimake ni da aikin. Da aka zo kan tawa ya karanta, ya karanta, ya juya, ya karanta. Sannan ya leƙa cikin ambulan.

"Malam, ina sauran?"

"Ke nan, ranka ya daɗe."

Wani bafade ya ce, "Kai ɗan Rogo, tun daga can ka tako don ka ce mana ina kwana?"

Zauren ya ɗauki dariya. Hakimi bai yi ba. Ya ce a hankali, "Mun amsa. Tsohuwa kuwa, Allah ya ji ƙanta. Ka gai da mahaifinka."

Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce aikin nake so. Kunya ta hana. Na durƙusa, na yi godiya (godiyar me, har yau ban sani ba), na fita. Ina neman takalmana na ji an kira sunan wanda aka ɗauka.

Da na isa gida Baba ya ɗago kai. "Me suka ce?"

"Sun ce suna gaishe ka."

Ya yi murmushi. "Ka gani? Sun gane."

Na bar shi a haka. Daga ranar, duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida, sai ya ce in duba ko manzon Karaye ne. Bai kai lokacin kaka ba. Allah ya ji ƙansa.

Tun daga nan, duk inda na je, buƙatata nake fara faɗa. Mutanen unguwa suna cewa ba ni da gaisuwa. Ba na musu. Tawa ta ƙare a falle ɗaya.