Gem ɗin Ya Gumsu da Kwamitin Share Hawaye

Jiya na yi awa biyar a layin mai, na dawo gida Mafoni da jarkata yadda na fita da ita, iska ce kawai a ciki. Layi na zuwa kaina mai gidan man ya ce ya ƙare, alhali ina kallo ana ɗura wa wata mota mai baƙin gilashi ta ƙofar baya. Ban tanka ba, don a garin nan motar da ba ka ganin na cikinta ba a yi mata tambaya. Na shigo gida a gajiye, na zube a kan tabarma da dukkan nauyina, sai na ji abu ya yi tirit-tirit a ƙarƙashina. Ashe a kan gem ɗin surukata na zauna.

Jama'a, gabana ya yi mummunar faɗuwa. Na zaro shi, na duba fuskarsa. Yana nan garau, lambar da ke sama ba ta motsa ba: dubu arba'in da takwas da ɗari bakwai. Ni ne dai na tashi da ciwon ƙugu.

Ɗan abin wasa ne na roba, ruwan toka, bai fi tafin hannu ba, batir biyu yake ci. Irin wanda bulo ke faɗowa daga sama kana jerawa, in layi ya cika ya ɓace a ba ka maki. Mai shi ita ce Ya Gumsu, mahaifiyar matata Kellu, tsohuwa ce da ta haura saba'in. Shekara uku ke nan da ta iso mana a ƙafa, bayan mutanen daji sun ƙone ƙauyensu. Ba ta zo da tukunya ba, ba ta zo da akuya ba, sai wannan gem ɗin ƙulle a bakin zanenta.

Wahalar da abin nan ya sha, da jami'i ne da tuni an kai shi waje duba lafiya. Ya faɗa kwata a shingen bincike, ranar da aka ce kowa ya sauka daga keke ya ɗaga hannu sama. Keke ya bi ta kansa a ƙofar gida. Kellu ta taɓa jiƙa shi tare da wanki, sai da ta ji bokiti na waƙa ta gane. Ya yi iyo a kwanon kunu. Duk sanda aka goge shi sai ya ci gaba da sauke bulonsa, ko a jikinsa.

To ku zo ku ga bohol ɗin unguwarmu. Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle, Allah ya ja zamaninsa, shi ya zo da kansa ya buɗe mana shi bara, da makaɗa da rumfa da masu ɗaukar hoto. Ruwa ya zubo muka yi tafi har hannu ya yi ja. Motocinsa na shan kwana ruwan ya ɗauke, sai ga tankar ruwa ta fito daga bayan katanga ta bi sahunsu. Bayan sati ɗaya wata akuya ta sosa jikinta da famfon, ya karye. Da muka kai kuka aka ce hatsari ne, aka kafa kwamitin binciken akuyar. Na tambayi maƙwabcina Dzarma mai gyaran rediyo me ya sa robar nan ta fi ƙarfen gwamnati ƙarko. Ya ce ai wanda ya ƙera gem ya san yara za su jefar da shi, shi ya sa ya yi shi da kyau, wanda ya yi bohol kuwa ya san babu wanda zai sake zuwa dubawa.

Amma ba ƙarkon roba ne ya sa gabana ya faɗi ba, lambar nan ce. Gem ɗin na Sa'id ne, autan Ya Gumsu, malamin firamare a ƙauyensu. Ya saye shi shekarar da aka ɗauke mana sabis na waya, don ya rage zaman shiru, kuma shi ya kafa wannan makin. Ranar da aka shigo garinsu ya ce wa uwarsa ta yi gaba, zai kwance shanu ya biyo ta. Har yau bai biyo ta ba. Babu kabari, babu labari, hotunansa sun ƙone tare da ɗaki. Abin da hannunsa ya yi ya bari a duniya shi ne lambar nan. Tsohuwar ba ta yi boko ba, amma ta san siffar lambar kamar yadda ta san fuskar 'ya'yanta.

A gidana ta koyi wasan, ta ƙware har ta fi mu duka. Na daɗe ina lura da wani abu ban faɗa wa kowa ba: duk sanda makinta ya kusa kamo na Sa'id, sai ta ɗage yatsunta, ta zuba ido bulo ya taru har wasan ya mutu. Ba ta son ta goge shi.

Abin yana da rauni guda ɗaya tak. Dzarma ne ya gano cewa in aka cire batir, ya manta komai. Don haka ya naɗe murfin bayan da baƙin salatif kada ya buɗe in ya faɗi. Ranar canjin batir kuwa sai ya zo da wasu siraran wayoyi biyu, ya jona wani batir daga waje kamar mai ƙarin jini, sannan ya zare tsofaffin ya sa sababbi. Muna tsaye a kansa ba mai tari. Shekara uku muna haka, ko sau ɗaya ba mu yi kuskure ba.

Sai watan jiya aka kawo kati daga Kwamitin Share Hawaye, wai za a raba wa tsofaffin da suka rasa muhalli shinkafa a wani fili a Galtimari, kuma dole mai kati ta zo da ƙafarta. Na raka ta. A bakin ƙofa masu gadin kwamiti suna shafa wa mutane sandar nan mai gano ƙarfe. Na lura sandar ba ta kuka ko an shafa ta a kan makullai, ashe babu batir a cikinta, shafawar dai ake yi don Mai Girma ya gani. Aka zo kan Ya Gumsu, sanda ta yi shiru, zanen tsohuwa ya ce tirit-tirit.

Kafin ka ce me, rabin layi ya kwanta a ƙasa. Ban ga laifin kowa ba, mu da muka ga abin da muka gani. Abu naɗe da baƙin salatif, yana ƙara, a bakin taro, ko ni ne da na kwanta. Na ɗaga hannu na yi bayani, na kunna wasan a gaban shugaban masu gadin har ya ga bulo na saukowa, har ya yi dariya. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ya ce doka ce, duk abin da ke cin batir a cire masa kafin a shiga, waya ce ko rediyo. Na ce to mun fasa shiga, a ba mu abinmu mu tafi. Ya ce abin da ya riga ya zo ƙofa sai an tabbatar da shi. Na roƙe shi da Hausa, tsohuwa ta roƙe shi da Kanuri, na ce masa akwai abin ɗanta a ciki. Ya jijjiga shi a kunne ya ce shi bai ji komai a ciki ba.

Ya sa reza ya yanke salatif, ya zare batiran biyu, ya juya su ya ga sababbi ne, ya zura su a cikin sandarsa. Sanda ta yi ƙara. Ranar ce na'urar kwamiti ta fara aiki.

Muka zauna a rana awa uku muna jin jawabi. Mai Girma, Allah ya ƙara masa lafiyar maƙogwaro, ya rantse cewa duk abin da iyayenmu suka rasa sai ya mayar musu da shi ɗaya bayan ɗaya. Aka yi tafi. Ya Gumsu na zaune da gem a cinya, fuskarsa babu komai. Aka miƙa mata ɗan buhu wanda hoton da ke jikinsa ya fi shinkafar ciki girma, aka ce ta yi murmushi za a ɗauka.

A gida Dzarma ya sa wasu batiran, ya mayar da salatif, ya kunna. Sifili ne jere a sama. Abin da kwata da keke da kunu suka kasa, kwamiti ya yi shi a minti ɗaya, cikin ladabi da bin doka. Ba zan ɓoye muku ba, na zaga bayan ɗaki na yi kuka, kuma kunya ta kama ni, don ni na kai ta wurin. Kellu ta yi nata kukan a madafa. Tsohuwa ta ƙulle abinta a zane, kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

A rana ta uku ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ta kunna. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana wasa, daga hantsi zuwa la'asar, salla kawai ke tashinta. Ran kwana na bakwai ta zarce lambar da maki ɗari. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ɓare salatif da hannunta, ta cire batir, ta sake farawa daga sifili. A nan na gane abin da take nema.

Ku sani, tun da na auri Kellu surukata ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba bayan gaisuwa. Daga wushe sai wushe, wato sannu da Kanuri, saura sai ta bakin 'yarta. Amma ran kwana na goma sha ɗaya ta kira ni da kanta, ta miƙo mini gem ɗin.

"Malam, duba mini, idona ba ya gani sosai. Ita ce?"

Na duba. Dubu arba'in da takwas da ɗari bakwai, babu ƙari babu ragi. Na ce, "Ita ce, Ya."

Ta karɓa ta shafa fuskarsa da bakin mayafi. Ta ce, "Lambar ta dawo. Hannun ne ba nasa ba." Ta ƙulle shi a zane, ta ce Kellu ta zubo mata abinci.

A kan wannan lambar na zauna jiya, kun ga dalilin faɗuwar gabana. A duk shekarun nan da ake mana alkawarin mayar da abin da aka rusa, wannan ne aiki na farko da na ga an fara an kuma gama, kuma tsohuwa ce ta yi shi da manyan yatsu biyu, ba rumfa ba makaɗa. Ina roƙonku don girman Allah, kada wani ya kai wa Mai Girma labari. Ina tsoron ya zo buɗewa, masu gadinsa su tsaya mana a ƙofar gida.