Takalmin Aro a Majalisar Amurka

Wani ne a Greensboro, ɗan garinmu, yana ɗaukar kaya a wani sito da ke titin Wendover. Ranar hutu ya ce sai ya je Washington ya yi hoto a tura gida. Takalmin kirki kuwa babu. Ya lallaɓa abokin hayarsa Issaka, mutumin Nijar, ya ara masa sabo fil.

Issaka ya ce, "Na ɗaurin aurena ne, wallahi. Attention! In ya ɓace kar ka dawo gidan nan."

Yana sauka daga bas ya hango farar ƙubba ta tokare sama, ga matakala, ga ginshiƙai reras. Ya riƙe baki. "Masha Allah! Wannan uban masallaci! Ashe Turawan nan sun yi nisa a addini ba mu da labari!"

Ya bi ayarin 'yan yawon buɗe ido ya shige. Da suka iso wani zaure mai ginshiƙai, ya ga kowa na taka marmara da takalmi. Ransa ya ɓaci. Ya tuɓe nasa, kuma da yake ya sha zuwa masallacin Juma'a a Kano, bai ajiye su tare ba. Ƙafar hagu bayan wannan ginshiƙi, ta dama can nesa bayan wancan. Ɓarawo ba ya ɗaukar wari ɗaya.

A sama, ƙarƙashin ƙubbar, sai ga gumaka tsaitsaye da zanen mutane har rufi. Ya ja rigar matar da ke yi musu jagora.

"Excuse me, ina alƙibla? Kuma wa ya shigo da waɗannan?"

Ta ce, "Sir, nan majalisar dokoki ce."

"Majalisa da ƙubba? Ai sai ku rubuta a ƙofa!"

Ya sauko da safa, yana santsi. Ginshiƙan duk kamarsu ɗaya, kamar ƙwan kaza. Ya zaga, ya zaga, da ƙyar ya samu ta dama. Can sai ya ga an ja igiya ana fitar da mutane, kare na shinshina, wani ɗan sanda ya ɗauko ta hagun da awartaki ya jefa a leda. Wai kaya ne da aka ɓoye ba mai shi, sai an bincika.

Ana cikin haka Issaka ya kira. "Alors, takalmina lafiya?"

"Sun ɗauke ɗaya."

"Ɗaya?! Me zan yi da ɗaya?"

"Kai dai ba ka da godiya, Issaka. Da tare na ajiye su, ai duka biyun za su kwashe!"