Takwaran Janar Kloppers

Duk zuriyarmu babu wanda Allah ya ɗaukaka kamar Baba Rwang, ƙanen mahaifinmu. Shi kaɗai ya taɓa hawa jirgi zuwa Afirka ta Kudu, taron ma'aikata ne ya kai shi, ya dawo da hular kaboyi da sabon tari irin na manya. Tun daga lokacin 'yan acaɓan Titin Bauchi ke kiransa Ambasada, shi kuma yana amsawa da ɗaga yatsa ɗaya.

A can ya gano abin da ya ɓace mana. Kakanmu marigayi, tsohon leburan kuza a Kuru, ana yi masa laƙabi da Mwadkon Kulofa. Ambasada ya bincika a waya, ya ga ashe Kulofa ɗin Kloppers ne, sunan Turawan can da ake kira Afrikana. Ya tarar da masu sunan rututu, domin su ma jika kan gaji sunan kakansa. Amma babban mutum ba ya ɓata lokaci wajen rarrabewa. Ya haɗe su duka ya yi mutum guda.

"Barend Kloppers!" in ji shi, yana buga sanda a ƙasa. "Janar ne. Ya yi yaƙi a kan doki, ya rubuta waƙoƙi, ya yi wa'azi, ya kuma ci kofin ƙwallon zari-ruga a talabijin. Aminin babanmu ne na ƙut da ƙut."

Anti Kubra maƙwabciyarmu ta ce, "Oga Ambasada, shi wannan ba ya mutuwa ne?"

"Madam, Turawa suna cin kayan lambu."

Ya sauke hoton Kaka Mwadkon daga bangon falo, ya rataya na wani mai gemu har ƙirji.

Da matar yayana Badung ta haifi namiji, muka yi murna, domin an daɗe da alkawarin cewa tattaɓa-kunnen Kaka na farko zai ɗauki sunan Mwadkon. Ni da na taso ina jin labaran gidanmu a bakin Kaka Magadaliya, na san ta rayu ne tana jiran wannan yaro. Sai Ambasada ya yanke hukunci: sunansa Barend Kloppers. Badung, da ke zaune a ɗakunan bayan gidan Ambasada, ya sunkuyar da kai.

Ranar da za a kai jariri coci aka ɗauko Kaka daga Kuru. Ambasada ya tsaya ƙarƙashin hoton, ya yi jawabi har gwaten accan da aka zuba wa baƙi ya huce.

Kaka ta ƙura wa bango ido. "Rwang, wane ne wannan mai gemun bunsuru? Ina mijina?"

"Mama, Janar Kloppers ke nan, aminin Baba."

"Kulofa? Kulofa ba shi da gemu, tumbi gare shi. Shi ne Baturen kuzan da ya zo da inji ya haƙe gonar accanmu, ramin yana nan har yau cike da ruwa. Babanka ya je magana, Kulofa ya ɗaga masa bulala. Babanka ya sungume shi ya jefa cikin taɓo, ƙafafu a sama. Shi ya sa ake ce masa Mwadkon Mai Ka da Kulofa. Mutane ne suka gaji da tsawon sunan."

Anti Kubra ta toshe baki da gyale. Kaka ta miƙa hannu aka ba ta jariri, ta ce, "Mwadkon, sannu da dawowa." Badung ya amsa da amin da ƙarfin da ban taɓa jin yana da shi ba.

Kada ku ji tausayin Ambasada. Hoton mai gemu yanzu shi ke rufe tagar akurkin kaji, amma hular tana nan, tarin ma yana nan. Jiya na ji shi a bakin titi yana sanar da 'yan acaɓa cewa mahaifinsa, shi kaɗai, ya ka da janar da mawaƙi da fasto da ɗan ƙwallo a jifa ɗaya.