Ni da Baba Mai Sanda

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kira yayana a waya ya ba ni shaida a gaban mutum goma sha ɗaya ba. Shaidar kam ya bayar, sai dai ba irin wadda na nema ba ce. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Bari in faro daga inda na jawo wa kaina. Shekarata ta uku ke nan a Kuala Lumpur ina digiri na uku, kuma karatun ya cije a babi na uku. Sufabaizata, wata farfesa mai sanyin murya, ta dawo min da babin nan sau huɗu, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kan takardar. Waɗanda muka zo tare sun fara shirin komawa gida. A guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa kowa "Dakta" yake ce min, ni kuma na san rabinsu tsokana suke yi. A lokacin ba ni da wani abin da zan ɗaga kai in yi tinƙaho da shi, ko guda ɗaya.

Ana cikin haka sai gardama ta ɓarke a guruf kan tsofaffin gem, irin na kaset ɗin nan da sai an hura masa iska kafin ya tashi. Wani ya ce wasan ƙwallo ya fi, wani ya ce ina! Ni kuwa ina laburare a Lembah Pantai, babi na uku buɗe a gabana. Na ture shi gefe na shiga jera gem guda biyar da suka fi burge ni, daga na ƙasa zuwa na sama, kowanne da hujjojinsa. (Da farfesa ta ga irin tsarin da na yi wa rubutun nan, da ta yi kuka, don ba ta taɓa ganin irinsa daga wajena ba.)

Na biyar na ba tseren mota, wanda motar ke hantsilawa sau uku ta tashi ta ci gaba ko fitila ba ta fashe ba. Na huɗu na sojoji biyun nan da ke ratsa daji suna harbi, wanda ke raba abota, don kullum ɗaya ne ke kwashe bindiga mai kyau. Na uku na ba wasan ƙwallo mai 'yan wasa masu kai kamar bulo, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai. Na biyu wani wasan tuƙa jirgin sama ne da ban taɓa ganin ƙarshensa ba. Waɗannan huɗun duk a gidan gem na unguwarmu na buga su bayan na yi wayo, kuma ban ce na fi kowa a cikinsu ba.

Na ɗayan ne ya kashe ni. Wani wasan faɗa ne da muke da shi a gida ina ɗan shekara shida. Rubutun jikin kaset ɗin ba wanda ya iya karantawa, don haka "Dambe" kawai muke ce masa, mu muka raɗa wa 'yan wasan suna. Nawa wani tsoho ne mai farin gemu da gora a hannu, muna kiransa Baba Mai Sanda. Da shi na yi ta kai wasan ƙarshe, yaran maƙwabta sun cika falo suna tafi, Yaya Nura, babban wanmu, yana zaune a bayana yana cewa, "Ba shi, Auta! Ƙara masa!" Kafin in cika bakwai wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙone injin, ban sake taɓa wasan ba. Sai na rufe jerin nawa da wannan magana, wadda da na sani da na haɗiye ta: "Wannan wasan ban taɓa faɗuwa a cikinsa ba, ko sau ɗaya. Duk mai ja ya zo."

Wallahi ba ƙarya na yi niyyar yi ba. Haka na sani, haka na girma. Labarin nan har wajen zance na kai shi, Rumasa'u matata ta sha jinsa tun kafin a ɗaura mana aure.

Kwana tara da yin haka sai ga hoto a guruf daga Sagir, wani Bazamfare mai karatun injiniya da ke zaune a Danau Kota, mutumin da bai iya barin magana ta wuce ba. Ashe ya bi kantunan tsofaffin kaya a Brickfields ɗaya bayan ɗaya har ya samo injin, da hannun gem biyu, da kaset ɗin Dambe. Ya rubuta a ƙasa: "Dakta, Asabar bayan azahar a gidana. Akwai tuwo da miyar kuka. Ka zo da Baba Mai Sanda."

Maimakon gabana ya faɗi, murna na yi. Na ce da Rumasa'u ta goge min farar shaddata. Ta ce, "Wai gem za ka buga ko ɗaurin aure za ka?" Na ce mata yau za ta ga abin da take ji a labari.

Muka tarar falon Sagir ya cika, maza a kan kafet, mata a kicin da ƙofa a buɗe. Aka ci tuwo aka sha shayi. Aka jona injin, aka sa kaset, talabijin ya nuna wasu zane-zane masu rawa kawai. Sagir ya cire ya mayar, shiru. Injiniya guda ya fara zufa. Na ce, "Miƙo nan." Na karkata kaset ɗin, na hura masa iska sau biyu daga gefe zuwa gefe, na ɗan buga shi a cinya, na zura shi ban kai ƙarshe ba. Nan take kiɗan wasan ya tashi. Falo ya ɗauki sowa. Wani ya ce, "Kai, mutumin nan ya san abin nan fa!" Ni kuma na gyara zaman hula kamar ba komai ba.

Na zaɓi Baba Mai Sanda, Sagir ya zaɓi wani siririn saurayi. Aka ce a fara. Hannuna ya tuna salonsa na da tsaf: in danne maɓallai duka da babban yatsa, in karkatar da hannun gem ɗin hagu da dukkan jikina, in yi ihu "Hayya!" Da can da na yi haka sai Baba ya tashi sama ya juya gorarsa ya sauke ta a kan mutum. Ranar nan kuwa da na yi, sai Baba ya tsuguna. Na sake yi, ya miƙe ya yi tsalle baya ya maƙale a lungu. Sagir ya bi shi can ya yi masa dukan kawo wuƙa. Ko taɓa shi ban yi ba.

"Hannun nan ya lalace," na ce.

"To mu yi musaya mana," in ji Sagir, yana miƙo min nasa.

Muka yi musaya. Wannan karon Baba ya kai duka ɗaya, amma iska ya daka, don ya juya wa abokin faɗan baya. Na ce talabijin ɗin zamani ne ke jinkirta abu. Na ce shaddar ce ta ɗaure min hammata. Dariya ta fara fita ƙasa-ƙasa, na kuma lura hirar kicin ta tsaya.

Sai Sagir ya ce tunda shi ɗan zamani ne, a gwada ni da wanda bai taɓa riƙe gem ba. Ya miƙa wa Malam Isuhu hannun. Malam Isuhu dattijon cikinmu ne, malamin jami'a da ya haura hamsin, ya zo ƙaro ilimin Larabci, shi ke ja mana salla in an taru. Ya ajiye carbinsa, ya riƙe abin a juye sai da aka gyara masa. Ya ce, "Wanne zan taɓa?" Aka nuna masa maɓalli ɗaya. Ya yi bisimilla ya sa ɗan yatsa yana dannawa a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Da ƙafa ɗaya, shuri iri ɗaya, ya kwantar da Baba Mai Sanda sau biyu a jere. Da ya gama ya juyo ya tambaye ni da gaske, "Dakta, ni ne na ci ko kai?"

Mai hankali a nan zai yi dariya ya ce tsufa ya zo, a wuce wajen. Ni borin kunya ya hau ni. Abu ɗaya da ya rage min a garin nan ake neman ƙwacewa, a gaban matata. Na zaro waya na ce, "Ku tsaya. Ina da shaida." Na kira Yaya Nura ta bidiyo, na ƙure murya, na ɗaga wayar kowa ya gani. A Kano safiya ce, yana shago yana karyawa.

Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, don Allah gaya wa mutanen nan. Dambe, gem ɗinmu na da. Na taɓa faɗuwa?"

Ya ajiye kofin shayinsa. "Dambe? Na Baba Mai Sanda?"

"Shi fa."

"A'a, ba ka faɗuwa kam."

Na juya ina kallon Sagir da sauran ɗaya bayan ɗaya. Da na kashe wayar a daidai nan, da yanzu ina nan da mutuncina. Sai na ji Yaya ya ce, "Tsaya, Auta. Wai har yanzu ba wanda ya gaya maka?"

"Gaya min me?"

Ya tuntsire da dariya har hoton yana girgiza. "Innalillahi! Ai hannun da kake riƙewa ba a jone yake ba. Wayarsa ƙarƙashin kafet muke tura ta. Na gasken yana wajena a bayanka, cikin riga. Ni nake bugawa!"

Duk falon ya juyo yana kallona.

"Umma ce ta ce a yi haka," ya ci gaba, ko a jikinsa. "Ranar farko da aka ba ka na gaske ka faɗi, ka yi kuka har ka shiɗe. Shi ne ta ce ko mu san dabara ko ta kulle gem ɗin a sif. Yaran maƙwabta ma duk sun sani, alewa nake ba su su yi maka tafi. Amma fa tsakani da Allah, hura kaset kam ka iya, wannan ba wanda ya kai ka."

Dariyar farko daga kicin ta fito, kuma na gane muryar, ta Rumasa'u ce. Daga nan falo ya kife. Sagir ya kwanta a kafet yana dukan ƙasa. Malam Isuhu ya yi iya ƙoƙarinsa, ya rufe baki da gefen rawani, amma kafaɗunsa suka tona shi. Ni kuwa ina tsaye da farar shadda, waya a sama, Yaya yana ta tambaya, "Su waye a wajen? Ka gaishe min da su." Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna a hawa na goma sha bakwai muke.

Muka hau jirgin ƙasa za mu koma gida. Rumasa'u ta danne dariyarta tasha biyu, a ta uku ta ce, "Ni da aka ce min zakara na aura," ta sake fashewa har wata tsohuwa 'yar Sin da ke gefenmu ta kama dariya ba ta san dalili ba. Raina ya ɓaci sosai, ba zan ɓoye ba. Shekara kusan talatin ina ɗauke da abin nan a ƙirji, ashe tafin ma na alewa ne.

Kafin mu sauka saƙon murya ya shigo daga Yaya. Na sa a kunne ina shirin jin ƙarin tsiya. Sai na ji ya ce, "Auta, kada ka ji haushi. Ka san wahalar da ka ba ni kuwa? In na faɗi kai ne za ka yi kuka, don haka ba ni da damar faɗuwa. In kana makarantar allo nake zama in yi ta koyo. Kuma wallahi ban taɓa jin daɗin gem kamar lokacin da kake ihun nan kana waigowa kana ce min, 'Yaya ka gani?' ba." Na saurara sau biyu. Na juya fuska wajen taga, na ce da Rumasa'u sanyin jirgin ne ke sa min hawaye.

Washegari na koma guruf, inda aka riga aka sauya min suna daga Dakta zuwa Mai Hura Kaset (har Malam Isuhu haka yake kirana yanzu, da ladabinsa). Na sake tura jerin nawa. Na biyar zuwa na biyu ban taɓa su ba. Dambe ma na bar shi a na ɗaya, sai dai na goge cika bakin na rubuta: "Wannan ashe ba ni nake buga shi ba, amma ba a taɓa buga min wanda ya fi shi ba."

Ranar Litinin na buɗe babi na uku na ƙura wa jan biron farfesa ido, sai na ji wani irin sanyi a raina. Wannan dai a jone yake, duk shirmen da ke ciki ni na danna shi da hannuna. Yanzu kuma duk abin da zan yi tinƙaho da shi, sai na fara ɗaga kafet na duba inda wayar ta nufa, kuma ko me za a yi ba na kiran Yaya Nura shaida da murya a buɗe.