Yadda Za Ki Duba Leɓen 'Yarki Ba Ta Sani Ba

Ina shanya labarin ya same ni. Mai askin da ke jikin shagon ɗinkin maigidana ne ya yi sallama, ya ce maƙogwaron tela ya kumbura ta ciki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Da can leɓe ko hannu ke kumbura masa, mu yi ta tsokanarsa wai zuma ta harbe shi. Gwaji ya nuna autarmu ta gado ciwon. Tun lokacin na ƙware a leƙen asiri. Bi ni, 'yar'uwa, ba mai kama ki.

1. Haddace bayanin likita

Ya ce akwai 'yan sintiri a jini, kwamfilimen sunansu. Da ƙwayar cuta ta shigo, wannan ya tashi wancan, wani ya shafa mata alama, saura su huda ta. Akwai kuma dattijon da ke cewa "ya isa haka". Shi ne ya yi ƙaranci a jinin su auta, sai a yi ta hayaniya ba ɓarawo, jiki ya kumbura. Ki gyaɗa kai kamar ke kika koya masa.

2. Kada ki tambaya

Kika ce "Lafiya?" sau biyu, budurwa za ta ce, "Umma, don Allah ki bar ni in sha iska." Masu iya magana sun ce mai gadin da ke tari ba ya kama kowa. Ni ce masu iya maganar.

3. Jawo rigima

In maƙogwaro ne, murya ke fara canzawa, don haka sa ta ɗaga ta.

"Wa ya bar bokiti a ƙofa?"

"Ke ce, Umma!"

Tsiwar da ta fito garau alheri ce. Ɗauke bokitinki.

4. Ƙirƙiro datti

Ce mata akwai abu a bakinta, ki goge da babban yatsa, ki ji taushin leɓen. Rannan tawa ta riƙe min hannu.

"Umma, bakina tas yake. Ni ma ina dubawa a madubi. Ba zan ɓoye miki kamar Abba ba."

To, an kama ni. In ke ma aka kama ki, babu ruwana, ni ba likita ba ce. Kika ji murya ta shaƙe, watsar da shawarata ki ruga asibiti.

Har yau kowace safiya sai na ce akwai abu a bakinta. Ta ajiye jakar makaranta, ta miƙo min fuska.