Talatar da Na Kwaso Rurum Zuwa Rano

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, ga damina ta kankama, kowa na fama da noman farko.

Na dawo daga Kano da takardar koyon rubuta manhajar kwamfuta, ina ji da kaina. Wata ƙungiyar manoma a Rano ta ɗauke ni gwaji: in na yi abin kirki, in gaji Malam Sabo, tsohon sakatarenta mai littafi da biro. Na raina mutumin nan ƙwarai (har kwaikwayonsa nake yi, yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi).

Aikin bai taka kara ya karya ba. Wasu manoma sun rubuta "Rurum" kawai a gurbin sunan garinsu a rajista, babu Sabon Gari babu Tsohon Gari, ana so a kira su su gyara. Malam Sabo ya ce a ba shi kwana biyu. Na ce minti biyar.

Na rubuta rejeks, wato ɗan tsarin da ke zaƙulo kalma a cikin rubutu, na ce ya nemo "Rurum" ɗin da babu komai bayanta. Don burga, na shata masa iyaka, kalmar farko ta sunan gari kawai zai duba. Na manta cewa in ba ka hana shi ba, inda iyakarka ta tsaya nan yake ɗauka layi ya ƙare. An koya mana yadda ake kashe wannan (ranar ina ta latsa waya). Ban ko gwada ba. Gwani kamata?

Sai ya ɗauka kowace "Rurum" babu komai bayanta, saƙon a zo ofis a gyara ya tafi wa duk wani ɗan Rurum.

Da safe babura suka cika ƙofar ofis. Wani dattijo ya turo min wayarsa har hanci.

"Yaro, 'yan ƙwadago na baro a gona. Me ya sami sunana?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ce."

Malam Sabo ya matso. Ya lashi yatsa, ya buɗe littafi. "Alhaji, naka daidai yake, ka yi haƙuri." Haka ya sallame su ɗaya bayan ɗaya har azahar, ni ina tsaye gumi na bin bayana. Kunya kamar in nutse.

Ban gaje shi ba. Yanzu ni ke buɗe masa shafi, kuma duk iyakar da na shata sai na leƙa abin da ke bayanta. Littafin nan kuwa, wallahi ba ya buɗuwa sai an lashi yatsa.