Wayar Surukata da Na Kife

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kunyar surukai ta kusa sa ni kashe wani bawan Allah sau biyu.

Surukata Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta a Gumel, wayarta ta fara mutuwa tana farfaɗowa. A ciki akwai saƙonnin muryar marigayi mijinta, babu su a ko'ina sai nan. Matata Hadiza ta cika baki a gidansu cewa ni gwanin kwamfuta ne (wallahi iyakata buga takardu a sakatariyar Gagarawa), zan kwashe su tas.

Aka yi mini shimfiɗa a ƙofar ɗaki, Hajiya na ciki bayan labule, don Hadiza 'yar fari ce, ni da Hajiya ba ma haɗa ido. Aka miƙo wayar a buɗe. Ni kuwa ɗan tarbiyya, ina zan leƙa wayar suruka? Na jona igiya, na kife ta a kan tabarma.

Kwamfuta ta ga waya, amma ciki wayam. Na cire, na mayar. Na hau keke napep har kasuwa na sayo sabuwar igiya. Wayam dai. Gumi ya jiƙa mini hula. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara murya irin ta likitoci.

"Hadiza, ki ba Hajiya haƙuri. Komai ya goge."

Hadiza ta fashe da kuka. Can Hajiya ta ce a hankali, "Ke, miƙo min ita, ba sai kin cire igiyar ba."

Ashe tun ɗazu wayar ke tambaya a fuskarta: caji kawai, ko a bar kwamfuta ta shiga? Ni na kife ta! Hajiya ta buɗe da yatsa, ta taɓa sau ɗaya, sai ga saƙonni reras. Na danna ɗaya, muryar Alhaji ta cika tsakar gida: "Salamu alaikum, na iso Maigatari lafiya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ka ji abin da baiwar Allah nan ta ce: "Ki ce masa laifina ne, ban ba da izini ba. Allah ya yi masa albarka."

Har yau ba ta taɓa tayar da zancen ba. Hadiza ce dai ba ta gajiya. Kunya ado ce, na yarda, amma yanzu ko wayar wa aka ba ni, sai na kalli fuskarta kafin in yi wa mutane ta'aziyya.